Tayoyin da Suka Kai Iya Ƙauyensu

Har yau in na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon Isa tela, sai an sami wanda ya jefo mini tambayar tafiyar nan. Wani ya ce, "Umaru, wai da gaske ɗakin Baturen nan ya kai har can?" Wani kuma tayoyin ne suka dame shi, yana so ya ji ko sun jure taɓo, don shi ma yana da amalanken da yake so ya sake wa ƙafa. Nakan ce alhamdulillahi, in karkatar da zancen zuwa maganar taki ko ruwan kogi. Ba rowar labari nake yi ba. In na ɗauko shi da baki, a tsakiya yake maƙale mini. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, sunanta Falmata. Babarbariya ce daga wani ƙauye na cikin fadama, gabas da Kirikasamma, daidai inda Jigawa take haɗuwa da Yobe. Aure ya kawo ta Haɗeja, ta haifi Yaya Lawan, ta haife ni, sannan autarmu Talatu. Hausa ta zauna a bakinta har baƙo ba ya gane ba Bahaushiya ba ce, mu kuwa ba mu ɗauki komai na Barbarci ba sai 'yan kalmomin gaisuwa. Da tana da ƙarfi takan je ganin gida bayan girbi. Daga baya ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye, ɗori bai kama yadda ake so ba. Tun daga nan ba ta iya zama sai kwanciya, ko jingina na ɗan lokaci.

Farkon daminar bara wani mai fataucin kifi ya yi sallama a gidanmu da saƙo. Ƙanwar Iya, Inna Yagana, wadda ita kaɗai ta rage mata a 'yan ɗakinsu, idonta ya tafi gaba ɗaya. Ta ce a faɗa wa Falmata, in tana raye ta zo ta ji muryarta, tun da gani ya ƙare.

Washegari aka kai wa Iya koko ta ture. Da muka shiga gaishe ta, ta dubi Yaya Lawan ta ce, "Ku kai ni."

Ya ce, "Iya, a me za a kai ki? Gaban mota ba ki iya zama. Bayan a-kori-kura kuwa rana da girgiza sai su ƙarasa ki."

Ta ce, "A ɗakin Baturenka."

Ɗakin Bature wata ƙaramar tirela ce mai taya biyu, da rufi da ƙofa da taga, a ciki akwai gado. Wasu Turawa masu kallon tsuntsayen fadama ne suka zo da ita shekarun baya, suna kwana a ciki. Da suka tafi ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta faɗo wa Yaya Lawan, shi kuma ya mai da ita bukkar gona, yana kwana ciki lokacin noman rani don gadin injin ban-ruwa. Tayoyinta 'yan ƙanana ne kamar na adaidaita, rana ta tsattsage su, ɗaya ma ta daɗe a kwance.

Muka ja ta da ƙyar zuwa garejin Ado bakanike. Ado ya zagaya ta, ya sa ƙafa ya taɓa tayar, ya ce, "Lawan, wannan ƙafar ta kwalta ce, kwaltar ma ta ƙasarsu. In ka shiga fadama da ita, cikin tirelar ne zai riƙa sharar ƙasa."

"To me ka gani?"

"A sa mata wili irin na motarka, da manyan tayoyi masu gindi. Za ta ɗaga sama, za ta rage girgiza in an sassauta iska. Kuma safaya ɗaya ta ishe ku, ko ta motar ce ta fashe ko ta tirelar."

A baki abin ya yi sauƙi. Da aka kawo wilin sai ramukan noti suka ƙi dacewa, dole aka kwance kan aksul ɗin, wato mazaunin wili, gaba ɗaya. Muka yi ta zagayen 'yan gwangwan muna tonon ƙarafa har muka sami wanda ya yi daidai, Ado ya sake boris, ya cika shi da giris. Tayoyin 'yan gwanjo muka saya, amma da sauran ƙarfinsu. Duk yammacin da na koma gida sai Iya ta tambaye ni, "An gama sa wa ɗakin takalmi?" In na ce saura kaɗan, sai ta juya fuskarta bango. Sama kuma kullum ƙara haɗa hadari take yi, kowa ya san da zarar kogi ya kawo, hanyar ta rufe sai kaka.

Ranar da aka gama, Ado ya ɗaura ta a bayan mota ya zagaya da ita bayan gari, ya dawo yana murmushi. Ta yi tsayi kamar an ɗora kaza a kan ƙafafun zalɓe, amma tana tafiya sumul.

Tsayin nan shi ne matsalarmu ta farko. Safiyar tafiya muka ga ƙofar ta kai ƙugun mutum, babu yadda za a yi a rungumi Iya a hau da ita. Sai da muka kwantar da ita a kan tabarma mai kauri, ni da Yaya Lawan da maƙwabta biyu muka kama kusurwoyi muka ɗaga. Matan gida suka fito rakiya, wata ta fara sharar hawaye. Iya ta ce daga cikin tabarmar, "Wa ke kuka? Ganin gida zan je." Talatu ta hau ta zauna a gefenta da kwandon magunguna da mafici, ni da Yaya Lawan muka shiga gaba.

Mun bar gari da hantsi, muna tafiya a hankali har masu babura suna wuce mu suna waiwaye. Ba mu yi nisa sosai ba na fara jin wani wari kamar ana ƙona roba. Na ce wa Yaya Lawan, ya ce wataƙila bola ake ƙonawa. Ashe Talatu ta daɗe tana kiran wayata ba ta shiga, ta koma dukan bangon tirelar da murfin tukunya, mu kuwa ƙarar inji ta hana mu ji. Wani mai babur ɗauke da buhun shinkafa ne ya zo daidai tagar Yaya Lawan yana ihu, "Malam, hayaƙi! Bayanka hayaƙi!"

Muka tsaya. Abin da ya faru shi ne, lokacin da Ado ya gwada tirelar, wayam take. Yanzu da mutum biyu da buhun tsaraba da jarkokin ruwa, sifirin ya zauna, madgad, wato ƙarfen da ke rufe saman taya, ya sauko yana gugar sabuwar taya. Gefen tayar ya yi zafi har ya fara narkewa. Talatu ta buɗe ƙofa idonta jawur, ta ce, "Yaya, da kun ƙona mu kun huta." Iya kuwa tana ta tari.

Muka kwashe kayan muka mayar bayan mota, muka lallaɓa har Kirikasamma. A can wani mai walda ya yanke madgad ɗin biyu ya ɗaga su sama. Yana aiki tartsatsi na tashi, Iya na ciki, don mun ga sauke ta da mayar da ita ya fi wahala. Talatu ta jiƙa zani ta rufe tagar.

A nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Mutane suka fara taruwa, suna kallon farar tirela mai ƙofa a baya. Wani dattijo mai sayar da goro ya taso ya zo gabanmu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙan rai, ya ba ku haƙuri. Ina za a kai ta?" Sai muryar Iya ta fito daga ciki, a sarari: "Ka ce masa ya ɗan ƙara haƙuri, ba a kai nan ba tukuna." Dattijon ya ja da baya yana salati, 'yan kallo suka fashe da dariya. Yaya Lawan bai yi dariya ba. Kuma ba nan kaɗai ba, ƙauyuka da dama da muka ratsa, sai ka ga maza sun miƙe tsaye daga inda suke zaune har mu wuce.

Bayan azahar muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙasa. Yaya Lawan ya sassauta iskar tayoyin yadda Ado ya ce, kuma gaskiya sun yi aikinsu: ramin da motar za ta faɗa da ƙarfi, tirelar sai ta bi shi a hankali. Abin da ke gefen hanya ne ba daɗin gani. Kachalla, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye mana magudanan ruwa, a Haɗeja muna kuka da ita, amma ban san kuka ba sai da na shiga can. Dama da hagu ita ce, ta fi mota tsayi, ba ka hango komai. Inda duk muka tsaya don a juya Iya, sai ta tambaya, "Mun wuce gonakin alkama?" Ko ta ce, "Akwai wata kasuwar kifi a nan, ku saya wa Yagana." Babu alkama, babu kasuwa. Talatu takan ce mata, "Ba mu kai ba tukuna, Iya."

Da la'asar ruwa ya sauko. Bai daɗe ba, amma ya ishi hanyar ta zama kunu. A wani kwari motar ta nutse har gindi, tayoyinta na juyawa a banza, ita kuwa tirelar da muka yi ta fargaba a kanta tana tsaye daram a saman taɓon. Duk wahalar da muka sha a kanta muka sha, ba wanda ya tuna tayoyin motar sun sude. Muka tura, muka cusa kachalla ƙarƙashi, ba ta motsa ba. Sai ga wani manomi yana dawowa daga huɗa da shanunsa biyu. Bai tambaye mu komai ba, ya kwance garma ya ɗaura igiya a gaban motar. Da ya fitar da mu, ya leƙa tagar ya gaida Iya, ya nuna mana wata hanya ya ce, "Kada ku wuce ƙauyen can yau. Ku nemi Bulama."

Mun isa dab da magariba, jikinmu duk taɓo. Ƙauyen masunta ne, Barebari, mai garin shi ne Bulama, wani siririn dattijo mai ƙaramar murya. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Mu a Haɗeja mukan yi musabaha mu dubi juna, a tambayi gida da aiki a wuce. Su kuwa sai mutum ya tsuguna, ya kau da ido gefe, yana tafa hannu a hankali yana "wushe, wushe", kamar ba za a gama ba. Na ɗauka an gama na miƙe, ashe rabi aka yi, sai da na koma na tsuguna.

Aka kawo mana burabusko da miyar busasshen kifi, man shanu na yawo a kai. Muka ce Bulama ya sa hannu, ya ƙi, ya ce a wurinsu mai gida ba ya ci da baƙo, kada baƙo ya ji nauyi ya tashi da yunwa. Ya koma nesa ya zauna ya ba mu baya. A gidanmu in ka bar baƙo ya ci shi kaɗai, ai ka wulaƙanta shi. Na ci, amma ina ci ina jin kamar na yi laifi.

Matan gidan kuwa da suka ji akwai tsohuwa a cikin tirelar, kuma tasu ce, sai suka yi mata dafifi. Wata ta leƙa ta toshe hanci, ta koma ta dawo da kasko da turaren wuta, ta ce babba ba ta kwana cikin warin ƙarfe da roba. Suka turara ɗakin Bature har hayaƙi na fita ta taga. Ina tsaye a waje na ji Iya ta fara magana da Barbarci, da farko a hankali kamar mai taka sabon ɗori, daga baya ta sake. Muryarta ma ta sauya, ta yi sama, ta yi sauri. Ta faɗi wani abu matan suka kwashe da dariya har da tafi. Na tambayi Talatu me ta ce. Talatu ta ce, "Ni ma kallo nake yi, Yaya Umaru." Ranar Iya ta cinye abincinta tas, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Mu an ba mu zaure. Sauron wurin ba a magana, sai wanda ya kwana ya sani.

Da safe muka kama hanya. Iyakar Jigawa da Yobe a nan ba allo ba komai, wani gungume ne aka gicciya, 'yan sintiri na zaune a inuwa. Babbansu, wani ƙaƙƙarfa mai tsagen Barebari, ya zagaya tirelar yana ƙwanƙwasa ta da sanda, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai an buɗe. Yaya Lawan ya ce mara lafiya ce a ciki. Ya ce ko wace ce sai ya gani. Aka buɗe. Iya ta ɗago kai ta ƙare masa kallo, ta yi masa tambaya da Barbarci. Ya amsa. Ta sake tambaya. Sai na ga ƙaton nan ya ajiye sanda ya durƙusa a taɓo yana tafa hannu. Ashe da kakarsa suka yi wasan ƙasa.

Shi ne ya ja mu gefe ya ce, "Ina fata kun san garin ba ya inda ta bar shi."

Yaya Lawan ya ce, "Mun ji an ce ruwa ya taɓa su."

"Ba taɓawa ba ce. Ya cinye. Waɗanda suka rage sun koma kan tudu, can gaba. Sauran sun watse, wasu Nguru, wasu Gashuwa."

Mun so mu wuce kai tsaye tudun, amma Iya ta ji. Ta ce sai an fara kai ta tsohon garin. Yaya Lawan ya ce babu abin gani. Ta ce, "Babun nake so in gani."

Muka bi wata tsohuwar hanya har inda taya ba ta iya wucewa. Yaya Lawan ya yi ta juya mota har ƙofar tirelar ta fuskanci wurin, muka buɗe, ni da Talatu muka tallafo Iya ta jingina. Ruwa ne baƙi, da kachalla iya ganinka, sai kawunan wasu busassun itatuwan goruba. Tsuntsaye jan-baki sun tashi kamar hayaƙi suka koma. Iya ta nuna itatuwan da yatsa ta ce, "Ƙofar gidanmu ke nan. Bayan can maƙabarta ce, iyayena suna nan." Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Rufe ƙofar, Talatu."

Tudun da suka koma bai kai a kira shi gari ba. Bukkoki ne na kara da leda, da ɗakunan ƙasa 'yan kaɗan. Inna Yagana tana zaune da 'yarta Aisa, wadda mijinta ya rasu. Da aka ce mata ga Falmata, ba ta jira an sauko da Iya ba. Ta taho tana lalube, ta ci karo da tayar, ta shafa ta, ta ce wani abu da ya sa Aisa murmushi. Wai tambaya take yi ko a jirgi aka kawo ta. Muka ɗaga ta muka sa ta ciki. Ta bi gadon da hannu har ta sami ƙafar Iya, ta bi ta har fuska, ta shafa goshi da kumatu da tsagen. Ba wadda ta yi kuka. Iya ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, ita ma ta amsa mata da wani. Muka ja ƙofar muka bar su.

Mun yi 'yan kwanaki a can. An shigar da Iya ɗakin Inna Yagana, aka haɗa musu shimfiɗa wuri ɗaya. Duk lokacin da na wuce ƙofar sai in ji suna magana, wani lokaci har da musu kamar yara. Mu kuwa muna zaune a waje kamar baƙin da aka manta da su. Abincinsu bai wuce tuwon gero da kifin da Aisa ta samo ba, shinkafar da muka kai tsaraba suka rarraba wa maƙwabta a ranar. Kullum da safe mazan wurin sukan je su dubi bakin ruwa su dawo. Rannan ɗayansu ya ce wa Yaya Lawan, "In kuna son fita da mota, gobe ce. Jibi sai kwalekwale."

Muka shiga mu uku muka faɗa wa Iya ta shirya. Tana kwance, kanta a cinyar Inna Yagana, ana tsefe mata furfura. Ta ce da Hausa, a hankali, "Ku dai ku shirya. Ni na zo."

Yaya Lawan ya ce, "Iya, ban gane ba."

"Ka gane."

"Nan ba asibiti, ba likita. Maganinki in ya ƙare fa? Ruwa zai rufe hanya, ko me ya faru ba mu da yadda za mu iso."

"Asibiti ya yi nasa ya gama, Lawan. Allah ya saka musu."

"To mutane su ce me? Mun ɗauko uwarmu mun jefar a cikin ciyawa?"

Ta ce, "Na yi muku zama a garinku tun ban san sunan gishiri da Hausa ba. Na binne ubanku, na aurar da ku, na goyi 'ya'yanku. Ban taɓa roƙonku komai ba. Wannan ba ta gani, ni ba na tafiya. In an haɗa mu mun zama mutum ɗaya. Ku bar ni."

Talatu ta fashe da kuka ta ce to ita za ta zauna. Iya ta ce, "Kina da mai shan nono kin baro. Tashi." Na ce ko a tafi da Inna Yagana Haɗeja, ga ɗaki ga kulawa. Aisa ta fassara mata. Tsohuwar ta girgiza kai kawai, ta ci gaba da tsifa.

Yaya Lawan ya fita ya bar ɗakin. Na same shi a gindin tirelar yana ɗaure notin da ba su kwance ba. Na ce, "Yaya, ko mu ɗauke ta haka nan? Tabarma ce, mu kama mu ɗaga." Ya dube ni ya ce, "Kai za ka kama kusurwar farko?"

Da safe muka yi sallama. Ta sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, ta ce a gaida yara, ta ce wa Talatu inda ta ajiye wasu zannuwa da wanda za a ba. Muka bar magungunan a hannun Aisa, muka nuna mata na safe da na yamma.

Dawowa ba ta da labari. Talatu ta ƙi shiga tirelar, muka matsu mu uku a gaba. Tirelar da babu nauyi sai tsalle take yi a bayanmu, kowane rami ta buga kamar ganga. Bayan mun wuce gungumen 'yan sintiri, Yaya Lawan ya tsaya a tsakiyar hanya. Na ɗauka taya zai duba. Sai ya buɗe ƙofar tirelar ya hau ya rufe kansa a ciki. Ni da Talatu muka zauna a mota muna kallon kachalla. Da ya fito ya wanke fuska da ruwan jarka, ya tada mota.

Ruwa ya rufe hanyar kamar yadda suka faɗa. Mukan sami Aisa a waya in ta hau kan tudu inda sabis ke kamawa, ta ce jiki da sauƙi, suna nan suna hira. Ana tsakiyar damina, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, wata safiya wayar Yaya Lawan ta yi ƙara, aka ce Iya ta cika bayan sallar asuba.

Mota ta kai mu inda za ta iya, babur ya karɓa, daga nan kwalekwale, mai tuƙi yana sare kachalla da adda kafin mu wuce. Ba mu isa ba sai washegari. An riga an rufe ta, don ƙasar can ba ta jira, kuma addini ma bai ce a jira ba.

Muka sami Inna Yagana a ɗakin, ita kaɗai a kan shimfiɗar. Ta kama hannuwanmu ta riƙe. Hausarta ba ta da yawa, amma ta ƙi bari Aisa ta fassara, ta ce da bakinta za ta faɗa mana. Ta ce tun ranar da muka tafi Iya ba ta sake yin Hausa ba, ko kalma ɗaya, sai daren ƙarshe da zazzaɓi ya yi zafi. Ta ce ta buɗe ido ta yi tambaya da Hausa, ta maimaita, ta sake maimaitawa.

Yaya Lawan ya ce, "Me ta ce, Inna?"

"Ta ce, yaran nan sun isa gida kuwa?"

Aisa ta raka mu maƙabartar, a can ƙarshen tudun inda ruwa bai kai ba. Kabarin sabo ne, an jera masa ƙaya saboda dabbobi. Muka tsuguna muka yi addu'a. Da muka shafa na miƙe, Talatu ma da ke tsaye daga nesa ta juya za ta tafi. Yaya Lawan bai tashi ba. Mutum ne mai furfura a gemu, da surukai da jikoki. Ya ɗora tafinsa a kan danyar ƙasar, ya sunkuya kamar mai magana da wanda ke barci, ya ce, "Mun isa, Iya. Lafiya lau muka isa."